iOverlander a hannun mai babur: inda take amfani da inda take yaudara

Damuwar mai doguwar tafiya a kan babur tana farawa ne bayan la'asar. Kafaɗa ta riƙe, ido ya gaji, rana ta fara ja, ga tanti ɗaure a baya amma babu inda za a kafa shi. Abin da ake nema bai da yawa: fili shimfiɗaɗɗe, busasshe, nesa da titi, wanda babu mai zuwa da tocila tsakar dare ya ce a tashi, kuma babu mai karɓar ko kwabo. Manhajar da matafiya suka fi dogara da ita wajen wannan nema ita ce iOverlander, kuma ta cancanci a ba ta wuri a waya. Sai dai wanda ya ɗauki kowace alama a taswirarta a matsayin alkawari zai sha wuya, musamman in a kan ƙafa biyu yake.

An fara ta a 2014, kuma masu ratsa ƙasashe da abin hawa ne suka kafa ta don junansu. Babu ma'aikacin da ke yawo yana duba wurare. Matafiyi ne zai kwana a wani lungu, ya ɗora alama a taswira, ya rubuta abin da ya gani. Wani ya zo bayan wata uku ya ƙara da nasa: har yanzu a buɗe yake, ko an kafa shinge, ko 'yan sanda sun zo da dare. Masu tacewa na sa kai suna gyara abin da aka kai musu rahoto, suna cire wuraren da doka ta hana. Tana nan a wayoyin Android da iPhone, da kuma shafinta na intanet. Ban da wurin kwana, tana nuna inda ake samun ruwa, gidan mai, makanike, shingen bincike, ofishin kan iyaka, da wuraren da aka yi gargaɗin fashi ko lalacewar hanya. Ƙarfinta ya fi yawa a hanyoyin da masu irin wannan tafiya suka fi bi, kamar tsawon nahiyar Amurka daga Alaska zuwa Ajantina, da gabashi da kudancin Afirka, da tsakiyar Asiya.

Tun da sabon salonta ya fito a 2024 aka raba ta gida biyu, na kyauta da na biyan kuɗi. Na kyautar yana taƙaita yawan yankin da za ka sauke ka ajiye a waya. Ga mai yawo a ƙasa ɗaya ko jiha ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga mai tsallaka iyaka kowane kwana biyu, dole ya riƙa tunawa ya sauke yanki na gaba tun yana inda akwai sabis, domin wurin kwana mai kyau galibi yana inda waya ba ta kamawa.

Wurin mai mota ba wurin mai tanti ba ne

Nan ne babban abin da ya kamata mai babur ya gane. Yawancin waɗanda suka ɗora alamomin nan a cikin mota suke kwana, motar da aka mayar ɗaki, mai gado da ƙofa da makulli. Irin wannan mutumin, duk inda taya huɗu suka tsaya daidai ya samu masauki. Shi ya sa manhajar ta cika da filin ajiye motoci na bakin teku, da bayan gidan mai, da gefen babban kanti, da dandalin wani ƙaramin gari. Duk kyauta ne, duk gaskiya mai rubutun ya faɗa, amma kai ba za ka iya shimfiɗa tanti a kan siminti tsakanin tireloli biyu da ke ta gurnani har asuba ba. A wurare da yawa ma an yarda mota ta tsaya ta kwana amma an hana kafa tanti, domin doka ta bambanta tsayawa da ya da zango.

Manhajar ta kasa wuraren kwana gida uku: sansani na hukuma ko na kasuwanci, wurin da ba sansani ba ne amma ana bari a kwana, sai kuma zangon daji. Na tsakiyar nan shi ne tarkon mai babur. Ka fara da na daji, sannan ka duba a shafin wurin ko an nuna cewa ya dace da tanti. Wannan ɗan layin shi ne abu mafi daraja a manhajar gare ka, kuma abin takaici sau da yawa mai mota bai damu ya cike shi ba, ko ya cike shi da ka, bai taɓa gwada buga turke a ƙasar ba. Hotuna sukan faɗi abin da rubutu ya ɓoye. Ka ƙara girman hoton ka dubi ƙasan da ke ƙarƙashin motar: ciyawa ce, ko tsakuwa dandaƙaƙƙiya, ko dutse? In an rubuta cewa manyan motoci suna shiga, albishir ne game da hanya, amma sau da yawa yana nufin ƙasar ta taurare har turke na lanƙwashewa. Saboda haka tantin da ke tsayawa da sandunansa ba tare da turaku ba ya fi dacewa da mai bin wannan manhaja. In iska ta taso sai a ɗaure igiyoyinsa a duwatsu ko a jakunkunan kaya. Kada a ɗaure a jikin babur ta ɓangaren da zai iya faɗowa kan mai barci.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta fi cutarwa. Mai mota mai jan taya huɗu zai rubuta cewa hanya ba laifi, kilomita 3 ne daga kwalta. A cikin kilomita ukun nan akwai yashi mai zurfi na mita 200 da bai ko lura da shi ba. Babban babur ɗauke da akwatuna da tanti da ruwa yana kai kilo 250 zuwa 300 kafin a sa mahayi, kuma yashi yana kama tayar gaba ya jefar da shi. Ɗaga wannan nauyi kai kaɗai, a gajiye, magariba na kawo jiki, ba ƙaramin aiki ba ne. Akasin haka ma yana faruwa: mai ƙaramar mota zai ce hanya ta lalace ba ta biyuwa, alhali ramuka ne da kwararo da babur zai bi ta gefe ba tare da wahala ba. Don haka kada ka tsaya a kan hukuncin mai sharhi, ka nemi kalmar da ta faɗi irin ƙasar: yashi, laka, tsakuwa maras kama, gangara mai tsanani, tsallake rafi. Ka kuma duba wace irin mota yake tuƙawa. In ka ci sa'a ka ga sharhin wani mai babur ko mai keke, shi kaɗai ya fi na masu mota goma.

Laka ta fi yashi mugunta, domin ba ka ganinta lokacin shiga. Hanyar ƙasa mai yumɓu da ka bi da yamma tana busasshe kamar kwalta, ruwan awa ɗaya cikin dare ya isa ya mayar da ita sabulu. Yumɓun yana manne wa taya, ya taru tsakanin tayar gaba da murfinta har ta daina juyawa, babur ya riƙa jan ƙafa yana faɗuwa. Wanda ya nace yana murza mai a cikin wannan hali yakan ƙone kuloci. Manhajar ba ta san hadari ba. In sama ta haɗe ko hasashen yanayi ya nuna ruwa, ka bar wurin da ya fi kyau ka zaɓi wanda hanyarsa burji ce, ko wanda bai fi 'yan mitoci daga kwalta ba.

Kwanan wata ya fi yabo

Kowane sharhi yana da ranar da aka rubuta shi, kuma daga nan ake fara karatu. Wurin da mutum biyar suka kwana cikin wata shidan da suka wuce, abin dogaro ne. Wanda rabonsa da baƙo shekara uku, zato ne kawai: ƙila an sayar da filin, an zuba gini, an sa ƙofa da kwaɗo, ko ruwa ya cinye hanyar. Ka kuma lura da watan. Bakin kogin da aka yaba a lokacin rani yana iya zama ƙarƙashin ruwa da damina, kuma hanyar kan dutse da aka bi a watan Agusta a arewacin duniya tana iya zama rufe da ƙanƙara har watan Yuni.

Yawan yabo ma yana da tasa illar. Alamar da kowa ya so, kowa zai je. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka tarar da motoci takwas, da takardar bayan gida a kowane gindin itace, da mutanen yankin da ransu ya ɓaci, daga ƙarshe a kafa allon hani. Kuma abin da kake gani a wayarka kowa na iya gani, har mai mugun nufi. Idan sharhi biyu daban sun ambaci sata ko fasa mota a wuri ɗaya, magana ta ƙare, ka wuce. Mai mota yana da ƙarfe da gilashi tsakaninsa da dare, kai kuwa ƙyalle ne.

Akwai wata lamba da mutane ke tsallakewa a shafin kowane wuri, wato tsayinsa daga teku. A matsakaici, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da ka hau. In daren kwari yana digiri 20, zangon da ke sama da shi da mita 2,500 zai iya sauka zuwa digiri 4. Mai babur ba shi da sararin ɗaukar bargo uku, jakar barci ɗaya ce, don haka wannan lamba ita ce za ta gaya maka ko za ka yi barci ko za ka kwana kana makyarkyata.

Alama ba izini ba ce

Manhajar tana nuna inda wani ya kwana, ba ta ba ka haƙƙin kwana. Dokar ta ƙasa ce, kuma tana bambanta ƙwarai. A Amurka abin ya fi sauƙi a jihohin yamma, inda hukumar kula da filaye ta BLM ke riƙe da kusan eka miliyan 245 na filin gwamnatin tarayya. A mafi yawansa ana kwana kyauta har kwana 14 cikin kwana 28, sannan a matsa. Gandun daji na ƙasa ma haka, amma kowanne yana da taswirarsa da ake kira MVUM, wadda ke nuna hanyoyin da aka yarda abin hawa mai inji ya bi, kuma ana samunta kyauta a manhajar Avenza Maps. Wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone dokarsu daban ce, sai a sansanin da aka keɓe. A lokacin fari akan hana hura wuta baki ɗaya, wani lokaci risho mai makunni kaɗai ake bari. A lardin Ontariyo na Kanada, mazaunin ƙasar yana kwana 21 kyauta a wuri ɗaya a filin gwamnati, amma baƙo a arewacin lardin sai ya yanki takardar izini ta kuɗi, abin da mai sharhi ɗan ƙasa ba zai tuna ya faɗa ba.

A arewacin Turai akwai 'yancin da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Dokar Norwe ta 1957 ta yarda a kafa tanti a filin da ba a nomawa har dare biyu, muddin an bar aƙalla mita 150 daga gidan da mutane ke ciki. Suwidin tana da irin wannan 'yanci. Sikotlan ta ba da nata a dokar 2003, ban da wasu sassan yankin tafkin Loch Lomond inda ake neman izini daga Maris zuwa Satumba. Amma a duka ukun, 'yancin na mutum ne da ƙafarsa, bai haɗa da inji ba. Suwidin ta hana tuƙa abin hawa a wajen hanya tun 1975. Ma'ana babur zai tsaya a bakin hanya inda aka halatta, kai ka ɗauki tanti ka taka. Istoniya kuwa hukumar gandun dajinta, RMK, ta tanadi zangon kyauta masu murhu da bayan gida, abin da ya dace da mai babur sosai. Kuroshiya ta hana kwana a wajen sansani, kuma ana cin tara. A Turai gaba ɗaya manhajar Park4Night ta Faransa ta fi iOverlander yawan alamomi, amma ta fi ta karkata ga masu mota, don haka tacewar da za ka yi ta ninku. A Amurka da Kanada shafin Freecampsites.net yana da amfani wajen gwada magana biyu a kan wuri ɗaya.

Inda fili yake da mai shi, babu manhajar da ta kai sallama. Ka tsaya da rana, ka cire hular kwano a ga fuskarka, ka nemi mai gona ko shugaban wurin, ka ce dare ɗaya ne kuma da safe za ka wuce. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda aka san da zamansa ya fi wanda aka tsinta aminci.

Yadda ake aiki da ita a rana

Da hantsi ko lokacin hutun rana, inda akwai sabis, ka ƙiyasta inda za ka kai, ka zaɓi wurare uku a jere a kan hanyarka, tsakaninsu kilomita 20 zuwa 30. Na farko ya zama wanda za ka isa awa biyu kafin faɗuwar rana, don in ya ƙi, akwai sauran haske na biyu, na ukun kuma ya zama mai tabbas ko da na kuɗi ne. Kowanne ka duba shi a hoton tauraron ɗan adam: akwai gidaje kusa, akwai shinge, hanyar tana ɓullewa ko ta mutu? Ka ɗauki hoton allon wayar ka ajiye. GPS na waya yana aiki ba tare da sabis ba, taswira ce ke ɓacewa, don haka ka sauke yankin a manhajar taswira ta OsmAnd ko ta Organic Maps, waɗanda suka fi nuna ƙananan hanyoyin daji.

Wajen kwafe lambobin wuri zuwa wata na'ura ake yin kuskuren da ke jefa mutum jeji. Akwai tsarin digiri da ɗigo, akwai na digiri da minti. Digiri 38.30 ba shi ne digiri 38 da minti 30 ba, wannan na biyun 38.50 ne. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, don haka wannan ɗan bambanci ya kai kilomita 22. Ka tabbata na'urorin biyu tsari ɗaya suke karantawa. Wani lokaci kuma mai ɗora alamar ya tuna ne bayan ya fito titi, sai alamar ta faɗa mahaɗa ba zangon ba. Bayanin hanya da ke cikin rubutun shi ke warware wannan.

In ka iso mahaɗar, mita 200 ko 300 na ƙarshe ka taka da ƙafa kafin ka shigar da babur. Yawancin babura ba su da giyar baya, kuma siririyar hanya mai gangara da ta mutu a gaban ƙofa tana iya cin awa guda kafin a juya. Da ka shiga, ka juya kan babur ya fuskanci hanyar fita tun da haske, ka bar shi a giya ta ɗaya. Ƙafar gefe da ake kafe shi da ita tana nutsewa a ƙasa mai laushi a hankali, sai tsakar dare ka ji ya zube. Ka sa mata faffaɗan dutse ko ɗan faranti na roba, ka kafa tanti ta ɓangaren da babur bai jingina ba. Kada ka tsaya cikin doguwar busasshiyar ciyawa, salansa mai zafi tana tayar da gobara. Ka ɗaga kai ka dubi matattun rassa. Kada ka kwana a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, domin ruwan da aka yi a tudu mai nisa yana isowa ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanka ba. A bakin teku ka nemi layin shara da ciyawar ruwa da igiyar ruwa ta bari, ka hau sama da shi sosai.

Abin da ke tona mai zango ga masu wucewa shi ne ƙyalli. Fitilar mota tana haska madubi da lambar babur da tsirin kayan kariya daga nesa. Baƙar rigar babur mai sauƙi tana rufe wannan, jar fitilar goshi kuma ba ta kai nisa kamar fara.

Ruwa ka cika shi a gari na ƙarshe, lita 4 zuwa 5 ga mutum ɗaya don sha da girki da safiya, kuma alamomin ruwa na manhajar suna taimakawa a nan ƙwarai. Risho a waje ake kunna shi, hayaƙinsa marar wari yana kisa a rufaffen tanti. In za a yi bayan gida kuwa, a nisanci ruwa da kamar mita 60, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 a rufe, takarda a sa a leda a tafi da ita. Rashin yin wannan shi ne ya rufe wurare masu kyau da yawa.

Wayar ma tana bukatar tunani, tunda duk shirin a cikinta yake. Batirin babur ƙarami ne, cajin waya da kyamara a kansa inji a kashe yana iya hana shi tashi da safe a wurin da babu mai tura ka. Ka yi caji kana tafiya, da dare ka dogara da batirin ajiya mai 10,000 mAh, wanda ke cika waya kamar sau biyu. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata na'urar daidaita kyamarar iPhone, don haka mariƙi mai shanye girgiza ya zama dole, ko kuma a ɗaura tsohuwar waya a gaba a bar mai kyau a aljihu.

Akwai abin da manhajar ba ta da shi kusan sam, kuma shi ne gatan babur: lungun da mota ba ta shiga. Tsohuwar hanyar da aka yanke bayan an yi sabuwa, bayan tudun tsakuwar masu gyaran titi, 'yar hanyar da ta ratsa tsakanin itatuwa biyu. Waɗannan a hoton tauraro da ido ake samunsu, a ƙasar da doka ta yarda. iOverlander ta fi amfani wajen nuna maka yankin da kwana yake yiwuwa da irin tarbar da za ka samu, sai kai ka ƙarasa sauran. A kan wannan ma'auni na kyautar ya ishi mai tafiyar mako ɗaya ko biyu, mai ratsa nahiya kuwa biyan kuɗin ba asara ba ne.

In ka kwana a wuri, ka bar sharhi kafin ka manta, kuma ka rubuta shi don mai ƙafa biyu: girman baburinka da irin tayarsa, nisan wurin daga kwalta, inda yashi ko laka take da tsawonta, ko turke ya shiga ƙasa, ko ana hango tanti daga titi, da ko akwai wurin juyawa a ƙarshen hanyar.